Inna Tukuna, Mai Riƙe da Na'urar Gwaji

Kullum Inna ce ta farko a ɗakin koyo na masana'antar ɗinkin da nake aiki. Za ta buɗe taga, ta sa wa kekuna mai, sannan ta kunna kwamfutar hannun da ke auna sababbin ma'aikata. Na'urar ce ke ƙirga ɗinkin kowa, ta nuna kore ko ja, ita kuma ta danna ta tabbatar. Wanda ya gama watannin gwaji da ja, sai gida.

Saboda wannan abu ba mai zama kusa da ita. Masu koyo na ganin ta ɗauko na'urar sai hira ta mutu. Waɗanda suka ci gwaji su haura bene inda ƙwararru ke aiki, ba sa waiwayo. Da rana ita kaɗai take cin abinci a kan teburin yanka, tana kallon bango. Wallahi abin yana ci min rai.

Sunan Tukuna kuwa tsokana ce. Na'urar kalma biyu ta sani: ya iya, bai iya ba. Ita kuma idan ta ga hannu bai faɗa ba amma mai shi na ƙoƙari, sai ta ƙi danna ko ɗaya, ta rubuta "tukuna" a gurbin ƙarin bayani.

Yayana na cikin waɗanda ta rubuta wa haka. Ya shiga koyo bayan doguwar jinya, hannunsa na rawa, ga iyali sun zuba masa ido. Na'ura ta yi masa ja tun makon farko, har gwaji ya zo ƙarshe ba ta sauya ba. Mai sharar ofis ce ta ba ni labari: manaja ya kira Inna, ya ce ta danna a wuce wurin, ba za a riƙe keke saboda mutum ɗaya ba. Inna ta ce ƙirgar daidai ce, ba ta musu, sai dai ɗinkinsa ba ya warwarewa, kuma rawar tana raguwa.

"Ranka ya daɗe, a ƙara masa wata guda. In bai iya ba, da hannuna zan danna."

Manaja ya yarda da ƙyar, amma ya rubuta mata takardar gargaɗi a kan jinkiri. Watan nan kaf ta riƙa tsayawa bayan Yaya tana gyara masa zaman yadi. Yau shi ke ɗinka wuyan riga, aikin da ba kowa ake ba wa ba.

Inna, ke ce uwar masu koyo, ke ce kika sha tsangwama kika yi shiru. Yaya bai san komai ba, shi dai ya ga kore ya yi murna. Sai makon jiya da kika yi ritaya na faɗa masa. Ya sauko ɗakin da sauri, ya tarar har kin miƙa na'urar kin tafi, ba wanda ya raka ki ko bakin ƙofa. Sai ya tambaye ni ko na san gidanki. Ban sani ba. Duk wanda muka tambaya bai sani ba.

Mun gode, Inna, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da aka damƙa wa irin wannan na'ura, ku ɗaga kai ku dubi mutumin kafin ku danna. In akwai wanda ya san inda take, don Allah ya gaya mata Yaya yana nemanta.