Dutse mai aman wuta a wayata

Kai Sanusi, Allah shi shirya min kai!

Jama'a, ɗana da ke karatu ƙasar waje ya turo min abu, wai "Inna, kalli kai tsaye." Ina taɓawa sai ga dutse yana aman wuta. Na ɗauka shi ke riƙe da wayar! Ina ta ihu "gudu, Sanusi!" har maƙwabta sunka ji.

Nib buga mai waya, da kira ya shiga nic ce, "Kana ina?"

"Ɗaki, ina cin taliya. Kyamara anka kafa, wata ƙasa ce ma."

"To mai riƙe da ita hwa?"

"Ƙarfe ne, Inna."

Alhamdulillahi, sai na zauna ƙasa. Iyaye mata, da ku ne hwa?

Bari, ana buga ƙofa. 'Yan jaje sun iso, mi zan ce musu?