Maganin ƙadandoniya a bayan ɗakina

Tun kafin ruwan shuka ya sauka hankalina ba a kwance yake ba, don yaron ya fara rarrafe, kuma duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Ƙasa, kashin awaki, guntun sabulu, har ƙusa na taɓa zaro masa daga kumatu. Ɗana ne na fari. A garinmu Tambuwal ma ana kunyar ɗan fari, amma ta ƙauyen da aka kawo ni aure, nan gefen Kebbe, ta fi tsanani. Ba kya kiran sunansa, ba kya masa wasa gaban manya, in ya faɗi ba ke za ki fara tashi ba. Sai dai ki bi shi da wutsiyar ido.

Da ƙasa ta jiƙa na shuka wake mai yaɗo a gindin dangar bayan ɗakina, don ya hau kara. Na sa kuɓewa da yakuwa a tsakiya. Na so in samu na dafa wa yaron in lokacin yaye ya zo. Waken ya fito da kyau, ganye bibbiyu kamar an buɗe tafin hannu. Wata safiya bayan ruwa na tarar an datse kusan rabi, kawunan na kwance a ƙasa. Da na ɗaga ruɓaɓɓen kara sai ga ƙadandoniya a nannaɗe, baƙaƙe masu kauri, ƙafafu ba iyaka. Na sake shuka, na zagaye kowane rami da tokar murhu. Ruwa ya zo ya wanke tokar, suka dawo.

Ranar kasuwar Kebbe maigidan ya zo da magani a ƙulle cikin leda, wani gari mai warin da ke hawa kai. Ya miƙo mini a tsakar gida, gaban mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Inna.

"Ki cuɗa shi da dussa da ɗan ruwa, ki barbaɗa gindin shukar," in ji shi. "Su ci su mutu. Abin ga ba wuya."

Na karɓa da hannu biyu. A raina dussar nake gani warwatse a ƙasa, daidai inda yaron ke bin ni kullum in na duƙa cire ciyawa. Bayan ɗakin ba ƙofa, kuma ba zan iya goya shi wuni guda ba, ga daka ga ɗiban ruwa. Amma ta yaya zan buɗe baki gaban Inna in ce ɗana nake ji wa tsoro? Na soke ledar a rufin ɗaki.

Da aka kwana biyu Inna ta zagayo tana duba shukar. Ta taɓa wani datsattsen wake da yatsan ƙafa.

"Ɗiyata, mi ya hana ki zuba maganin?"

"Kaji nika tsoro, Inna. Kar su tsattsage dussar."

"In don kaji ne ba komi."

Kafin azahar ta sa an kama kajin gidan duka, an kife su da kwando da tsohuwar tukunya. Ta dawo ta tsaya tana jira. Na shiga ɗaki na ciro ledar, na zuba dussa a kasko. Yaron ya biyo ni da rarrafe, ya kama bakin kaskon ya miƙe, ya zura hannu cikin dussar da ban riga na sa wa komai ba, ya kai baki. Ban taɓa shi ba. Na tsaya da ledar a hannu, idona ya cika, na kasa ɗaga kai.

Inna ta dubi yaron, ta dubi ledar da ke hannuna. Can ta sunkuya ta ɗauke shi, ta share masa baki da gefen zanenta.

"Wanga mijin nawa, ba abin da ba ya ci," ta ce masa. "Kai ko akuyar gidan ga ta fi ka kunya." Sannan ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba. "Kawo maganin. A kai shi gonar daji. A saki kajin nan, sun dame ni da kuka."

Ba mu sake maganar ba har yau. Amma ƙadandoniyar tana nan, kuma ta zama tawa ni kaɗai. Duk safiyar da aka yi ruwa sai in fita da tsinke da gwangwani, in bi gindin danga a duƙe, in ɗaga kowane kara, in tsince su, in kai bayan gari in zubar. Warinsu ba ya barin hannu ko an wanke da toka. Na daka ganyen dogon yaro na yayyafa, wani lokaci ya yi, wani lokaci kamar na ba su ruwan sha. Bayana ya riƙe har ruku'u ya zame mini aiki. Maigidan ya ce na cika son wahala.

Waken da ya tsira bai kai rabi ba. Ya hau danga dai, na samu na dafa wa yaron da ɗan na miya, kuɓewar kuwa ba ta yi abin kirki ba. Shekara biyu ke nan, damina na sake matsowa, na haifa masa ƙanwa har ta fara zama, ni kuma tun yanzu na gaji.

Kai mai karanta wannan, in akwai mai rarrafe a gidanku, don Allah kar ka shigo da maganin ƙwari tsakar gida. Ka bar shi a gona. Kar ka jira sai uwar ta hana ka, don wata ba za ta iya faɗa ba.