Matar da Ke Kan Gwangwanin Man Kitso

Zaman aurena da Baban yara, rabi da shi na yi, rabi da gwangwanayensa. Gyaran risho da fitila ne sana'arsa, amma tara tsofaffin gwangwanaye ne ciwonsa. Na madara, na ganyen shayi, na man takalmi, sun cika ƙarƙashin gado har sun hau kan sif ɗin kayana. In aka miƙa masa gwangwani ko rubutun ba ya dubawa. Ya bi ɗinkin gefen da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa gindin, ya shinshina ciki, sai ka ji ya ce, "Wannan da dalma aka liƙe shi, ya girme ki." Ni kuwa in ce, "To, Allah ya bar ku tare."

Ina mita ne kawai, amma na san abin da yake nema. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan mitsitsi, ko hoto ɗaya ba ta bari ba. Gwaggonsa ce ta gaya masa cewa wani kamfanin man kitso, da ya daɗe da rufewa, ya taɓa zana fuskarta a kan murfin gwangwaninsa, da koren kallabi. Tun yana saurayi yake bin 'yan gwangwan da wannan kwatance, har furfura ta cika masa kai.

Wata safiya ina shara, wani mai gwangwan ya yi sallama ya miƙo masa wani ɗan gwangwani. An lafta masa shuɗin fenti, ciki duk tsatsar ƙusoshi. Baban yara ya shafa gefen sau ɗaya. Ya ce, "Shi ne." Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Ya zauna a bakin ƙofa da auduga da kananzir, yana goge fentin a hankali kamar mai wanke miki. Koren kallabi ya fito. Goshi ya fito, sai idanu. Na ƙwala wa yara kira, "Ku zo ku ga kakarku!" Muka yi cirko-cirko a kansa muna jiran ya yi kuka ko ya yi dariya.

Ya ƙura mata ido har kananzir ya bushe. Sannan ya ce, "Ban san ta ba."

Na ce, "Innalillahi! Kamar yaya ba ka san ta ba? Ko ba gwangwanin ba ne?"

Ya ce, "Gwangwanin shi ne, ko tantama babu. Na ɗauka in na gan ta zan tuna. Wallahi da za mu haɗu da matar nan a hanya, wucewa zan yi."

Ban taɓa jin tsoro da tausayi sun haɗe mini haka ba. Gwaggo ta rasu tuntuni, duk dangi babu sauran wanda ya san fuskar da za a tambaya.

Ya miƙo mini murfin da hannu biyu, murya ƙasa-ƙasa. "Maman yara, duba mini don Allah. Na yi kama da ita?"

Na duba hancin, na duba idanun, na dubi tsohon mijina. Ban ga wata kama ba.

Na ce, "Kamar an tsaga kara."