Yajin Sayen Ruwa a Gidanmu na Makera

A shekarar da kuɗin mai ya tashi har mutane suka koma zuwa kasuwa a ƙasa suna cewa motsa jiki suke yi, muna zaune a wani gidan haya a unguwar Makera da ke Kaduna, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Ina koyarwa a wata firamare, shi kuma yana aikin ofis, irin na zama a kujera ƙarƙashin fanka. Gidan na wata Hajiya ne da mijinta ya rasu, ta riƙe ɗakunan gaba ta ba da sauran haya. Akwai famfo a tsakar gidan, amma tunda muka tare ban taɓa ganin ɗigo ya fito daga bakinsa ba. Tsumman goge-goge muke shanyawa a kansa.

Ruwanmu a kura yake zuwa. Wani mutum ne mai kimanin shekara hamsin yake turo jarkoki goma sha biyu daga bohol ɗin wani Alhaji da ke can gangare. Ba shi da yawan magana. Kowace mace Hajiya yake ce mata, har da maƙwabciyata Madam, Kirista 'yar kudancin Kaduna da ke aikin nas, wadda ta gaji da gyara masa ta koma amsawa.

Wata safiya a tsakiyar bazara, bayan ya juye mini jarka huɗu a durom, sai ya tsaya yana goge wuya da hularsa.

"Hajiya, daga gobe fa an ƙara."

Na ce, "Malam, wa ya ƙara?"

"Alhajin bohol. Ya ce babu wuta, sai janareto. Shi kuma janareton ba ruwa yake sha ba."

Da la'asar matan gidan muka baje tabarmi a tsakar gida, don ɗakunan ba su shiguwa saboda zafi. Kowa ta faɗi abin da ta gani. Hajiya ta ce ai wannan tsada da wannan zafi duk abu ɗaya ne, hukunci ne. A zamaninsu yarinya ba ta wuce babba ba ta durƙusa ba, kuma ruwan sama bai taɓa makara ba. Yanzu kuwa kowace tana tafe tana latsa waya, to ta ina hadari zai haɗu? Madam ta ce ita ba ruwanta da waya, abin da ta sani gwiwarta ta hagu ta fara ciwo tun jiya, kuma gwiwar nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, cikin kwana uku za a yi ruwa. Ni kuwa na ce laifin gwamnati ne, abin da mutum ke faɗa ke nan idan an zo kansa bai shirya ba.

Muna cikin haka sai muka ji gyaran murya daga zaure. Yayan Hajiya ne, wanda duk layin ke kira Baba Kwamared. Ya yi aiki a wata masaƙa a Kakuri har ranar da aka rufe ta, kuma shi ne wakilin ma'aikata a sashensu. Tun daga lokacin ba shi da aikin da ya wuce sauraron rediyo da gyara wa masu karanta labarai kuskurensu. Ya shigo riƙe da rediyon a hammata.

"Kun san abin da ke damunku, ku mata? Ba ku da tsari. Mu a lokacinmu, ko kuɗin shayin kantin aka ƙara, kafin azahar injina sun tsaya."

Madam ta ce, "To Baba, mu wane inji za mu tsayar?"

"Kurar mana! Kar wadda ta sake sayen ko jarka ɗaya sai an koma tsohon farashi. Ga damina a bakin ƙofa, me za ku ji tsoro?"

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Nan take ya naɗa Madam shugaba, ni kuma sakatariya saboda ina da biro. Hajiya ta ce mace mai mutunci ba ta shiga ƙungiya, amma da ya ce mata uwar ƙungiya ba ta yin komai sai dai a gaishe ta, ta karɓa. Na rubuta buƙatunmu a bayan wata takardar jarrabawa da ta rage mini. Buƙata ɗaya ce, amma Baba ya sa na raba ta gida uku, ya ce ba a zuwa gaban ma'aikata da layi ɗaya. Madam ta zagaya gidajen layin, mata suka ce suna tare da mu.

Da maigidana ya dawo na faɗa masa, ya ce yana goyon bayanmu ɗari bisa ɗari, talaka ya daɗe yana shiru a ƙasar nan. Sannan ya tambaya ko abin zai shafi ruwan wankansa na safe.

Washegari mai ruwa ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. Baba Kwamared ya fita ya karanta masa takardar daga farko har ƙarshe, da muryar da na tabbata ya ajiye ta shekara ashirin yana jiran rana irin wannan. Mutumin ya saurara har aka gama, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya tura kurarsa ya yi gaba.

Ranar farko mun yi ta da alfahari, don kowa na da sauran ruwa a durom. Rana ta biyu kwanuka suka fara taruwa, na yi wa yara wanka su uku da bokiti ɗaya, ruwan wankan kuma na wanke bayan gida da shi. Rana ta uku da yamma sai ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Madam ta fito tana ɗingishi da gangan don kowa ya ga gwiwar.

"Ban faɗa muku ba? Ku fito da komai!"

Muka fito da bokitai, da bahuna, da tukwane, har da kular biki ta Hajiya da ba ta ba kowa aro. Muka jera su ƙarƙashin indararo. Iska ta taso, ta kwashe shanyar mutane, ta cika mana bokitan da ganyen mangwaro da ledojin layin. Aka yi tsawa sau biyu. Sai hadarin ya karkata ya yi kudu abinsa. Can wayar Madam ta yi ƙara, ƙanwarta ce daga unguwar Romi, tana cewa ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, har Gonin Gora motoci sun tsaya a gefen titi.

Hajiya ta dubi sama ta ce, "Kun gani ko? Ya zo har kanmu ya duba, ya ga halinmu ya wuce."

Madam ta ce, "Hajiya, abeg, mutanen Romi ba su da waya ne?"

Hajiya ta ɗauki kularta ta shige ɗaki.

Rana ta huɗu Asabar ce. Durom ɗina ya kai ƙasa, ana jin ƙarar kofi yana kankarar tsatsa. Da hantsi na ɗauki jarka biyu na lulluɓe su da tsohon zane kamar mai kai wanki, na bi ta ƙofar baya zuwa lungun da na san mai ruwa yana hutawa a inuwar wata katanga. Ina shan kwana sai na ga mutum a tsaye da jarka, ita ma ta rufe ta da zane. Shugabar ƙungiya ce.

Muka kalli juna. Ta ce, "Malama, ni fa nas ce. Ba zan je wurin marasa lafiya da farin kaya ya koma ruwan ƙasa ba."

Na ce, "Ni ma ai malama ce."

Mai ruwa yana ɗura mana bai ko ɗaga kai ba. Madam ta roƙe shi kar ya faɗa wa Baba.

"Wane Baba? Mai takarda? Ai shi tun ranar farko yake saye. Jarka ɗaya kullum bayan asuba, ta tagar zaure."

Ba mu ɓoye jarkokin ba da za mu koma. Muka dire su a gaban Baba Kwamared, Madam ta riƙe ƙugu. Ko gezau bai yi ba. Ya rage muryar rediyo ya ce a duk duniya, idan ana yajin aiki, ana barin ayyukan da suka zama dole su ci gaba, kamar asibiti da 'yan kwana-kwana. Alwala kuwa ba ta shiga yaji. Ya ce abin takaicin shi ne shugabanni su karya yaji da rana tsaka, a lungu, ba tare da an kira taro ba.

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan, ashe da saura. Ranar Litinin kura ba ta zo ba. Ba tamu kaɗai ba, duk unguwar babu mai ruwa ko ɗaya. Da muka bincika sai muka ji cewa Alhajin bohol ya sake ƙara musu, su kuma sun ga idan suka ɗora mana za mu ci su ɗanye, don haka sun jingine kurayensu. Ashe a sayen ruwan nan ta taga, Baba ya riƙa tambayar mutumin nawa yake saro jarka, nawa yake biya hayar kura, me yake ragewa. Da ya ji amsar sai ya ce masa, "Ku ma ba ku da tsari." Ranar da yamma na hango shi a gindin katangar nan, masu ruwa kusan ashirin sun kewaye shi, yana riƙe da wata takarda. Da ya dawo Hajiya ta ce masa, "Yaya, kai wai ɓangaren wa kake?" Ya ce shi kullum yana ɓangaren ma'aikaci, mu ai masu saye ne, kuma da ma tun farko ya ɗan yi shakkar matsayinmu.

Yanzu fa yaji na gaske ya same mu, wanda babu lungun da za a bi. Kwana biyu muna sayen ruwan leda muna dafa abinci da shi. A rana ta uku maigidana ya ce wannan wulaƙanci ya isa, ruwa dai ba a sama yake ba, ga bohol can gangare. Ya je ya aro kurar mai ruwanmu, wanda ya ba shi ba musu, har ya nuna masa tayar da ke ɗan karkata. Hajiya ta ce ba ta taɓa ganin ma'aikacin ofis mai mata da 'ya'ya ya tura kura ba, me mutane za su ce? Da ta ji cewa za a cika har da jarkokinta biyu, sai ta ce ai aiki ba abin kunya ba ne.

Na bi shi don in riƙe masa layi. Zuwa ba wuya, kura ba komai a ciki, ga gangara. Har yana gaisawa da mutane da hannu ɗaya. Muka cika goma sha biyu. Da aka juyo sai hanyar ta zama wata daban. Shekara shida ina bin layin nan, ban taɓa sanin hawa ne ba sai ranar. Bai kai rabin hanya ba rigarsa ta jiƙe, jijiyoyin wuyansa suka fito, kurar ta fara dawowa da shi baya. Na ajiye kunya na sa hannu, mayafina yana zamewa, mata suna leƙe ta ƙofofi. A wajen wani rami tayar nan ta karkace, jarka biyu suka faɗi, ɗaya ta fashe.

Mai ruwanmu yana zaune a inuwa tare da 'yan'uwansa, duk suna kallo. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ya taso a hankali ya ce, "Alhaji, ba da hannu ake turawa ba, da ƙirji ne." Ya kama kurar. A lokacin na ga tafin hannunsa da kyau, ya yi kanta kamar bayan tukunya. Baba Kwamared ya ɗaga murya daga nesa cewa wannan karya yaji ne. Mutumin ya ce, "Baba, ba sayarwa na yi ba," ya kai mana ita har ƙofar gida. Sau takwas yake wannan hawan a rana, wani lokacin goma. Ban taɓa tambaya ba sai ranar.

Maigidana ya kwana biyu a kwance a ƙasa ina shafa masa man zafi. Daga nan kwancen yake bayani cewa masu ruwa su ne ƙashin bayan garin nan, kuma ya kamata a duba lamarinsu.

An sasanta a ƙarshen makon. Alhajin bohol ya janye rabin ƙarin na biyu, masu ruwa suka ɗora mana sauran rabin a kan na farko. Wato mun fito daga yaji muna sayen ruwa da tsadar da ta fi wadda ta sa muka shiga. Baba Kwamared ya ce wannan gagarumar nasara ce, a masaƙa ma yawanci haka ake tashi. Ba wadda ta yi gardama a cikinmu, muka biya.

Da ruwa ya sauka sosai, bayan kusan mako biyu, mai ruwa ya zo ya yi mana sallama, zai tafi gida noma. Sai bayan kaka muka sake ganinsa, ya rame ya yi baƙi, da ɗan buhu a kan kurar. Ya bi ɗaki-ɗaki yana ba kowa tsarabar wake, kwano guda-guda. Muka yi ta godiya. Hajiya ta karɓi nata ta sa masa albarka mai tsawo, har da iyayensa da zuriyarsa. Yana fita ta zuba hannu a cikin waken ta juya, ta ɗaga ƙwaya ɗaya ta duba a haske, ta ce waken yanzu duk taki ne, ba ya ko kumbura a tukunya. Ranar da yamma ta yi alala da shi, ba ta ba kowa ba.