Sabulun da Mahaifiyata Ta Raba Biyu

Shekarun baya da ɗan dama, wata ranar Juma'a da rana tsaka, aka yi wa mahaifiyata waya daga Batagarawa cewa jikin yayarta ya yi tsanani, kuma sunanta take ta kira. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Mama ta ajiye wayar. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da jaka a hannu ta ce in ɗauko mukulli.

Motar tsohuwa ce, ta marigayi mahaifinmu, na gaje ta ne don babu wanda ya yi rububinta. Ni kuwa ilimina na mota bai wuce in yi bisimilla in murɗa mukulli ba. Ko tari ta yi maigidana nake kira, shi kuma ranar ba ya gari.

Mun bar cikin Katsina ke nan sai warin fetur ya cika motar. Na gangara gefen titi na kashe ta. Da na ɗaga murfin gaba, ga mai nan yana ɗiga daga wani siririn tiyo, dab da inji mai zafi. Lokacin sallar Juma'a ne, kowane gareji an ja ƙofa, ko ɗan acaɓa babu a titi. Na kira makanikenmu, waya a kashe. Da ma ga ni da saurin fushi, sai na hau mota da faɗa, na haɗa da maigidana da bai san hawa ba bai san sauka ba.

"In kin gama yi wa ƙarfe faɗa, matsa in gani," in ji Mama.

"Mama, mi za ki gani? Fetur ne fa. In na tada ta, wuta za ta kama."

"Na san fetur tun ba a haife ki ba. Miƙo mani jakata da gorar ruwan nan."

Da ta buɗe jakar na ga abin da ke ciki: farin yadi a naɗe, da turare, da sabon sabulu. Na tuna alkawarin da suka daɗe da yi wa juna, wai duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Ashe tun daga gida Mama ta san abin da za ta je ta tarar.

Ta ce mu bar injin ya huce. Wannan jiran ya fi komai yi mani wuya, amma ita tasbihi kawai take ja. Can ta sa bakin mukulli ta raba sabulun biyu, ta mai da rabi jaka. Ta jiƙa ɗayan tana murzawa har ya yi laushi kamar ƙullu. Ta goge tiyon, ta bi shi da yatsa har ta samu tsagar, ta cusa sabulun ta shafe. Sannan ta yagi gefen ɗankwalinta ta naɗe wurin ta ƙulle tam. Farin yadin kam ba ta taɓa shi ba.

"Fetur ba ya narka sabulu," ta ce. "Babanki ya sha yin haka a hanyar kasuwannin ƙauye, ni ke riƙe mashi ruwa. Tada ta, ki tafi a hankali."

Na tada ta, na fito na leƙa. Ko ɗigo ɗaya babu.

Mun tarar da yayar tata tana numfashi sama-sama. Mama ta durƙusa ta kama hannunta, sai ta buɗe ido.

"Kin zo?"

"Na zo, Yaya."

"Mi ke wari haka a hannunki?"

"Fetur ne. Na koma makanike."

Yayar ta yi murmushi. Suka yafi juna, Mama ta yi ta maimaita mata kalmar shahada tana amsawa. Bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, Mama ta cika alkawari da rabin sabulun da ya rage.

Daga baya makanike ya canza tiyon, motar ma tuni an sayar. Amma har gobe ina mamakin matar nan. Ni da ba yayata ke bakin mutuwa ba na rikice, ita kuwa tana tsaye a bakin titi da likkafanin yayarta a jaka, hannunta bai ko girgiza ba. Na taɓa tambayarta yadda ta iya. Ta ce, "Kuka yana iya jira. Yaya ce ba za ta jira ba."