Hannun Da Ya Hana Gwiwata Taɓa Ƙasa

A lokacin ni ɗan dambe ne daga Aliero, mai lodin albasa a kasuwar Jega, kuma gwiwata ba ta taɓa taɓa ƙasa a fage ba. A dambenmu ko hannunka ya dafa ƙasa an kashe ka ke nan, don haka wannan suna shi ne duk abin da na mallaka, da shi makaɗina ke yi mini kirari.

Akwai wani manomi daga Karaye ta Maiyama da ke kawo albasa, siriri, furfura ta fara fito masa. Aka ce tun yana makaranta ya koyi damben safar hannu, ya wakilci jiha, har ya ciyo lambar tagulla a ƙasar waje, sannan ya dawo gonar ubansa. Na yi ta tsokanarsa cewa dambensu faɗa ne da matashin kai. Sai ya yi murmushi, ya ce mini bari yaro, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da makaɗina ya fara yi masa zambo a bainar kasuwa, ya yarda mu kara a garinsu lokacin kaka.

Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mu mun saba kafa ƙafa mu zuba ƙarfinmu duka a naushi guda, shi kuwa kansa kawai yake kaucewa. Turmi biyu iska nake duka, bai ɗaga hannunsa na ɗauri ba. A na uku na tattara ƙarfina na kai masa, ya goce, na tafi gaba ɗaya zan kife. Sai na ji hannunsa a hamatata, ya tallabe ni kamar riƙo ne na faɗa. Ya raɗa mini cewa shi ya sha ƙasa a gaban baƙi, ya san ɗacinta, ba zai so wa ɗan maƙwabta ita a gaban jama'a ba. Aka raba mu, babu kisa.

Na koyi cewa gwani na gaske ba ya bukatar faɗuwarka. Samari, kada ku raina sana'ar da ba ku sani ba. Ya rasu bara, ban gode masa ba saboda girman kai. Har gobe ana kirana wanda bai taɓa faɗuwa ba, ni kuwa duk lokacin da na ji, hamatata nake shafawa.