Baba Manaja da Takalmin Hagu

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa ya san mahaifina, Baba Bitrus Manaja, kuma da takalmi ɗaya a hammata ya san shi. Ba nasa ba ne. Nasa na roba suna ƙafarsa. Na hammatar fari ne fes, mai tsini, na ƙafar hagu, mallakar Luka Ɗan Gayu, mawaƙin nan mai jita da kuke tsayawa cak in an sa faifansa a rediyo.

Kun san Luka da matsala biyu. Murya kam Allah ya ba shi, amma tun da ya dawo daga soja, in ya ji ƙanshin burkutu sai a neme shi kwana uku. Ta biyu kuma gayu: ko wuta ta kama ɗaki, Luka ba zai fita da ƙafa tsirara ko da silifa ba. Baba, wanda ya tsufa yana ba jirgin ƙasa hannu a tasha kafin ya koma manajan Luka, ya dubi matsalolin nan ya haɗa su faɗa. Duk ranar wasa, da sassafe zai je ya ɗauke takalmin hagu, ba zai mayar ba sai Luka zai hau dandamali.

Luka ya sayo wani a ɓoye, Baba ya ɗauke na hagun. Ya sake sayowa, haka. Sai da ya tara na dama huɗu a ƙarƙashin gado, sannan ya fashe.

"Haba Manaja! Wai me ƙafata ta hagu ta yi maka ne?"

"Na lura da ita," in ji Baba. "Ita ke fara juyawa hanyar gidan burkutu. Ta dama bi kawai take yi."

Ku kuna dariya, mu a gida ba ma yi. Ni Ishaya, ɗansa na fari, na daɗe da tambaya ɗaya a maƙogwaro: mutumin nan ya san yana da ɗa kuwa? A gida maganarsa ba ta wuce "To, an ji." Ranar da na fara loda buhunan cittata a taragon jirgi zuwa kudu, da gumina, ba wanda ya ɗaga ni, na zo da ƙirji a buɗe na gaya masa.

"To, an ji," ya ce. "Ka ga Luka a hanya?"

Mama tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Ishaya, kai ma ka yi sake. Da jita ka koya, da yanzu ya san girman ƙafarka."

Babban abin ya faru ranar aurena da Rifkatu, a cocinsu a Fadan Kaje. An shirya Luka zai yi wasa bayan an fito. Baba ya zauna a bencin gaba da kwat ɗinsa na reluwe, takalmi a kan cinya, har fasto ya harare shi. Ana tsakiyar waƙar farko wani ya raɗa masa magana a kunne. Ashe Luka ya samu wani manomi ya ari takalmin ruwa, ya ce ai a ƙauye ba wanda ya san gayu balle ya yi masa dariya, ya nufi gidan burkutu. Baba ya miƙe tsam ya fita.

Aka ɗaura aure, kujerar uban ango wayam. Muna fitowa ƙofar coci sai ga Baba yana turo keke da rana tsaka, gumi sharkaf, Luka a kan kariyar bayan keken an ɗaure shi da igiya kamar akuyar kasuwa, yana ɗaga wa jama'a hannu. Aka sheƙa masa bokitin ruwa, aka ɗura masa kunun tsamiya, aka sa masa farin takalmi. Ya ɗauki jita. Jama'a, ranar har surukata da ba ta son kiɗan zamani sai da ta share hawaye da bakin zane!

Baba ya matso kusa da ni. "Ya fasto ya yi? An gama lafiya?"

"An gama, Baba. Ba ka nan."

"Kai ai na san za ka iso," ya ce, ya wuce wurin Luka.

Wata shida cur gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baba. Daga baya muka koma yadda muke, wato ba magana sosai. A haka ciwo ya kwantar da shi, a haka ya tafi.

Bayan an share makoki, wata ranar kasuwa da hantsi, Luka ya shigo sitona. Ya rame, amma idonsa garau, ya shekara biyu bai sha ba. Ya goge buhu da hankici kafin ya zauna.

"Ishaya, yanzu wa zai riƙa gaya maka inda citta ta yi ƙaranci?"

Na ce, "Garba mana." Garba ma'aikacin jirgin kaya ne. Tun farkon sana'ata yakan tsaya ya ce min, kai kayanka Zariya wannan makon, ko kuma kada ka kuskura ka je Jos, ta cika kasuwa. Bai taɓa kuskure ba. Mutane suna cewa Ishaya yana da hancin kasuwa, ni kuma ban taɓa musu ba.

Luka ya yi dariya har da tari. "Garba? Garba da bai san citta da rogo ba! Ni ne hancinka, ni da Manaja."

Ashe duk garin da suka je wasa, washegari da safe Baba zai sa Luka ya ci ado, ya tasa shi gaba zuwa layin masu citta. 'Yan kasuwa suna ganin tauraro sai su kewaye shi, baki ya buɗe. Luka zai tambaya kamar mai son saye, Baba yana baya yana saurare kamar ɗan rakiya. Daga nan sai tasha, a ba Garba saƙo.

"Kaina yana sarawa, ina wari, ina tambayar farashin citta!" in ji Luka. "Wata mata a Kano har ta ce, 'Ɗan Gayu, ka bar waƙa ne?'"

Na ce, "Kai! Duk Kirsimeti zakara nake kai wa Garba!"

"Ya ci banza."

"To me ya hana Baba gaya min da bakinsa?"

Luka ya daina dariya. "Na tambaye shi. Ya ce, 'Ishaya in ya san daga wurina ne, zai yi akasin haka don ya nuna min ya girma. Shi in ka riƙe masa hannu fizgewa zai yi. Kai kuma in na sake ka, sai kwata.'"

Ni mutum ne mai auna kaya kafin ya yarda. Na auna maganar nan ta kowane gefe, ban samu inda Baba ya yi kuskure ba. Da ya ce min Zariya, Jos zan tafi, ko da zan dawo da buhunana a ka. Ya san ni fiye da yadda na san kaina, ni kuma ina ta fushi wai bai dube ni ba.

Na rufe sito ranar tun kafin la'asar, abin da ban taɓa yi ba ranar kasuwa. Ni da Luka muka taka har maƙabarta, muka cire ciyawar da ta fara fitowa a kan kabarin Baba.

Ya Ubangiji, bawanka Bitrus ya sha yawo saboda 'ya'ya biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye. Ka ba shi hutawa a wurinka. Godiyar da ban yi masa ba yana da rai, ka isar masa. Amin.